Ƙwallon 'Yan Makaranta a Kontagora: Na Da Ne Ya Fi, Ko Na Yanzu?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a garin Kontagora, kuma ba a nan kaɗai ake yin ta ba. Duk inda tsofaffin malamai da ma'aikatan da suka yi ritaya suka zauna hira bayan sallar La'asar, in dai zancen ƙwallon ƙafa ya faɗo, to, ba za a tashi ba sai wani ya ce ai ƙwallo an yi shi an gama tun zamanin da 'yan makaranta ke bugawa. Su kuwa samari, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da gidajen kallon ƙwallo a kowace unguwa, sai su yi murmushi su ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A ganinsu, yaron da ke buga wa ƙungiyar unguwa yau ya fi ɗan kwalejin 1975 sanin ƙwallo nesa ba kusa ba.

Ba a kan manyan ƙungiyoyi irin su Niger Tornadoes ta Minna ko Kano Pillars ake wannan gardama ba. Ana yin ta ne a kan matakin ƙasa, watau ƙwallon makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai da manyan kwalejojin ilmi, wanda ba a biyan kowa albashi a cikinsa, ba a kuma nuna shi a talabijin. Shin da can ya fi ƙarfi, ko kuwa dai girma ne ke sa dattawa ganin kome na ƙuruciyarsu ya fi?

Idan aka bi al'amarin a tsanake za a ga dattawan suna da gaskiya, sai dai dalilin da suka fi kafa hujja da shi, watau wai yaran da sun fi baiwa, shi ne mai rauni. Abin da ya sauya shi ne mazaunin gwani. A da gwanin ƙwallo yana cikin makaranta, yau kuwa yana wajenta.

Lardi guda, makaranta guda

Ya kamata mai karatu ya fara tuna yadda makarantun kansu suke. Kafin a ƙirƙiro jihohi a 1967, Kontagora tana cikin Lardin Neja ne. Daga nan ta shiga Jihar Arewa Maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato, kana a 1976 aka yanke Jihar Neja. A zamanin lardi, yaron Kontagora da ya yi fice a furamare sai ya ɗauki akwatinsa ya nufi Bida, inda makarantar Midil ta zama Sakandaren Lardi, wadda yanzu ake kira Kwalejin Gwamnati ta Bida. A tsakanin 1957 da 1962, aji guda na makarantar nan ya haɗa Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar da Mamman Vatsa da Gado Nasko, tare da 'yan Kontagora biyu, Sani Bello da Garba Duba. Ba don ƙwallo aka kawo sunayensu ba, sai don a nuna irin rairayar da ake yi. Lardi sukutum ake tankaɗewa a zuba a makaranta guda. To, rariyar da ta tara masu kaifin ƙwaƙwalwa wuri ɗaya, ita ce kuma ta tara masu gudu da masu ƙarfin ƙafa. Malamin wasanni da zai zaɓi mutum goma sha ɗaya daga cikin irin wannan taro ba ya shan wata wahala.

Sa'an nan kuma makarantun na kwana ne. Da ƙarfe huɗu na yamma ta yi za a kaɗa ƙararrawa, kowa ya fita fili, mai so da marar so. An raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da kyaftin ɗinsa, ana gasa tsakanin gidaje kafin a fitar da waɗanda za su wakilci makaranta. Wannan tsari Turawa suka zo da shi daga makarantun Ingila, ya kafu a Kwalejin Katsina, ya bazu zuwa Midil-Midil na larduna. Yaron da ya yi shekara biyar yana buga ƙwallo da mutanen da yake kwana ɗaki ɗaya da su, yake cin tuwo kwano ɗaya da su, ba ya bukatar ɗaga kai kafin ya san inda abokinsa ya tsaya. Abin nan da dattawa ke kira fahimtar juna, daga nan ya samo asali.

Akwai kuma zancen shekaru, wanda dattawan ba su cika son a tayar ba. A wancan zamani yaro kan shiga furamare a makare, ya yi shekara bakwai, ya yi biyar a sakandare, wani ma ya ƙara biyu na share fagen shiga jami'a. Ba abin mamaki ba ne a ga ɗan aji biyar mai shekara ashirin ko fiye, gemu ya fara tsiro masa. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, aka kuma riƙa sa yara makaranta da wuri, sai ya zama ɗalibi yana gama sakandare yana da shekara goma sha bakwai ko sha takwas. Saboda haka idan dattijo ya ce ƙungiyar makarantarsu takan kara da ta 'yan sanda ko ta ma'aikatan En'e ta kuma yi nasara, ba ƙarya yake yi ba. Ƙarti ne suka kara da ƙarti.

Inda abin ya fi armashi shi ne kwalejojin horon malamai masu ba da takardar daraja ta biyu. Ɗalibansu sun fi na sakandare shekaru, wasu ma sun taɓa koyarwa kafin su dawo ƙaro ilmi, kuma koyon yadda ake gudanar da wasanni yana cikin darasinsu. Wanda ya buga wa kwalejinsa baya ko gaba, in ya gama aka tura shi wata furamare a Rijau ko Mariga ko Ibeto, da usur ɗinsa yake tafiya. Shi zai sa yara su share fili, a sare itace a kafa raga, a zuba toka a ja layi. Ta wannan hanya ƙwallo ya shiga ƙauyukan da ko mota ba ta cika zuwa ba. Kwalejin ke yaye malamin, malamin ke gano yaron, yaron kuma ya girma ya shiga kwalejin. Sarƙa ce, kowane zobe yana riƙe da na kusa da shi.

Shaidar da ƙasa ta gani

Hujjar dattawa mafi ƙarfi ba a Kontagora take ba, tana cikin tarihin ƙwallon ƙasar nan baki ɗaya. A tsakiyar shekarun 1960, ƙungiyar zaɓaɓɓun 'yan sakandaren Nijeriya, wadda ake kira Academicals, ta je har Akara, babban birnin Gana, ta ci takwararta, a lokacin da Gana ke riƙe da kofin Afirka, ƙwallonta kuma yake gagarar kowa a yammacin nahiyar. Cikin yaran akwai 'yan Jos, Isma'ila Mabo da Sam Garba Okoye, waɗanda daga baya suka yi suna a Mighty Jets, ƙungiyar da ta ci gasar rukuni ta ƙasa ta farko a 1972. Shi Isma'ila Mabo shi ne ya kai ƙungiyar mata ta Nijeriya zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 1999.

Ran 22 ga Maris, 1980, Nijeriya ta ci Aljeriya uku ba ko ɗaya a Ikko, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. In aka duba 'yan wasan da suka yi wannan aiki sai a ga makaranta ko'ina. Kyaftin ɗin, Christian Chukwu, daga ƙungiyar 'yan makaranta ta Jihar Gabas ta Tsakiya ya fito. Segun Odegbami, wanda ya jefa biyu daga cikin ukun, ya yi sakandare a St. Murumba ta Jos, ya karanta aikin injiniya a Kwalejin Fasaha ta Ibadan. Adokiye Amiesimaka yana karatun lauya a Jami'ar Ikko ya fara buga wa ƙasa, daga baya har ya zama Babban Lauyan Jihar Ribas. Henry Nwosu, autan ƙungiyar, ɗan St. Finbarr's ne ta Ikko, makarantar da ta yaye Stephen Keshi. Wani kuma da ba ya cikin wannan ƙungiya, Thompson Usiyan, ƙwallon ne ya kai shi karatu Amurka, inda ya ci wa jami'arsa ta Appalachian State ƙwallo 109, har 46 a kakar 1980 kaɗai.

Gaskiya ne mafi yawan sunayen nan daga Jos da Ikko da Inugu suka fito, inda ƙwallo ya riga ya yi jijiya. Amma tsarin da ya fitar da su shi ne dai wanda ke aiki a Bida da Kontagora da Zuru, bambancin kawai na yawan makarantu ne da kusanci da idon masu zaɓe.

Abin da dattawa ke tsallakewa

Duk da haka, samari ma ba su rasa abin faɗa ba. Da farko, babu wanda ya ɗauki wasannin nan a fim. Abin da ya rage shi ne labari, shi kuwa labarin ƙwallo kullum ƙara tsawo yake yi, bugun da aka yi daga yadi ashirin kafin shekara talatin ya zama daga tsakiyar fili. Na biyu, ƙwallon da ake yi a yawancin filayen, na a buga sama a bi da gudu ne, a kan ƙasa mai tsakuwa, da ƙwallon fata mai nauyi in ya sha ruwa, wasu ma ba takalmi. Yaron yau yana kallon manyan ƙungiyoyin Ingila da Sifen kowane mako, ya san yadda ake tsare gida da mutum huɗu a jere, ya san tarkon satar gida, yana kuma iya maimaita kallon dabara guda sau goma a wayarsa har ya iya ta. Ta fuskar sarrafa ƙwallo da sanin dabaru, da wuya a ce ɗan da ya fi shi.

Na uku kuwa shi ne sojan haya. Sanannen abu ne cewa makarantu sukan ɗauko gwani daga cikin gari, a ɗinka masa rigar makaranta, a ba shi sunan wani, ya buga wasan ƙarshe ya koma shagonsa. Ba yau aka fara wannan ba, kuma ciwon bai tsaya a makarantu ba. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata izinin ɗaukar baƙuncin gasar matasa ta 1991. A 2016, bayan an shigo da na'urar da ke duba ƙashin wuyan hannu don gane shekaru, 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin a sansanin 'yan ƙasa da shekara 17, Jamhuriyar Nijar kuwa ta fitar da Nijeriya daga gasar, alhali ita ke riƙe da kofin duniya na wannan mataki. Wanda zai yabi ƙarfin ƙwallon da, dole ya yarda cewa wani kaso na ƙarfin nan aro ne.

Yadda sarƙar ta tsinke

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin furamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Alheri ne babba, amma bayan shekara shida wannan ambaliya ta iso ƙofar sakandare, dole aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo barkatai. Gwanayen da a da ake tarawa wuri guda sai suka warwatsu, biyu a nan, ɗaya a can. Ɗan jeka-ka-dawo kuwa da an tashi ƙarfe biyu ya tafi gida, ko gona, ko kasuwa, ko Islamiyya. Ƙararrawar ƙarfe huɗu ba ta da wanda za ta kira.

Sai tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya. Shugaban makarantar da ke fama da kuɗin abinci da alli, ba ya da na sayen riguna da hayar motar da za ta kai yara Bida ko Minna wasa. Daga bisani aka yanke shawarar cewa takardar NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa, kwalejojin daraja ta biyu suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya, aka mai da yawancinsu sakandare. Filayen wasa kuma, a garuruwa da dama, suka zama wurin da ake fara kai ido in ana neman inda za a ƙara ajujuwa ko shaguna.

Abin da ya ƙarasa aikin shi ne kuɗi. A 1990 aka fara gasar ƙwallon sana'a a Nijeriya. A daidai wannan lokaci ne Tijjani Babangida ya bar Niger Tornadoes ya tafi Roda ta ƙasar Holan, daga nan ya wuce Ajax. Kowane yaro a Jihar Neja ya ga hanyar da aka bi, kuma hanyar ba ta ratsa ta cikin aji ba. Akwai wata ƙa'ida ta FIFA da ta ƙara karkatar da al'amarin, wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Mai makarantar koyon ƙwallo da ya yi wa yaro rajista yana da rabo a nan, ko bayan shekara goma ne. Malamin wasanni na sakandaren gwamnati, wanda watakila shi ya fara ba yaron riga mai lamba, ba ya cikin lissafi, don makarantarsa ba ƙungiya ce mai rajista ba. Ɗaya yana da dalilin bin yaro har gidan ubansa, ɗayan kuwa sai dai don Allah.

Shi ya sa gwanayen wannan zamani ta wata ƙofa suke fitowa. Ahmed Musa daga ƙananan ƙungiyoyin Jos ya taso, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Holan a 2010. Victor Osimhen, wanda ya ci 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, makarantar koyon ƙwallo ce a Ikko ta fito da shi. Nan kusa, Zaidu Sanusi ɗan Jega ta Jihar Kebbi, ya bi ta ƙananan ƙungiyoyin Fotugal har ya isa Porto a 2020, shi ne ma ya jefa ƙwallon da ya ba ta kofin gasar rukuni ta ƙasar a gidan Benfica a 2022. Baiwa ba ta ƙare ba a wannan yanki. Niger Tornadoes ma ta ɗauki kofin ƙalubale a 2000 bayan ta ci Rangers ɗaya da nema, ta kuma sake kaiwa wasan ƙarshe a 2017 da 2019.

Sai dai a nan ne asarar take, kuma ta fi gaban a ce wane ya fi wane iya yanka. A tsohon tsari, cikin yara ɗari da suka buga wa makarantunsu, in ɗaya ya yi suna, sauran casa'in da tara sun fita da takardar shaida, sun zama malamai, akawuna, sojoji, ma'aikatan gona. A sabon tsari, yaron da ya bar aji uku ya bi wani mai alkawarin kai shi Turai, in gwiwa ta goce ko alkawarin ya zama na iska, zai dawo gida yana da shekara ashirin da biyar, ba ƙwallo ba takarda. Irinsu ba su shiga jarida, amma kowace unguwa ta san nata.

A ƙasar Kontagora da maƙwabtanta kuma akwai wani nauyi da dattawan da ba su taɓa ɗauka ba. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da 27 tare da wasu malamai da iyalansu. A watan Mayu na shekarar aka kwashe yaran Islamiyya fiye da 100 a Tegina. A watan Nuwamba na 2025 aka sace ɗalibai da malamai sama da 200 daga makarantar St. Mary ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantu har zuwa shigowar 2026. Makarantar kwana, wadda ita ce uwar ƙwallon 'yan makaranta, ta zama abin da uba ke tunani sau biyu kafin ya kai ɗansa. Shugaban makarantar da zai zuba yara ashirin a mota ya bi da su ta Tegina don wasan sada zumunci, sai ya shirya amsar da zai ba iyaye in wani abu ya faru.

Ba a zauna haka nan ba. Gasar Kofin Ramat, wadda ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed, ta daɗe tana tara yara daga jihohi, ko da yake jiha ake wakilta a cikinta, ba makaranta ba. A 1998 kamfanin mai na ƙasa da Shell suka kafa gasar makarantun sakandare, aka yi shekaru ana yi. A 2018 aka fara gasar rukuni ta manyan makarantu, a 2021 kuma Ma'aikatar Wasanni ta Tarayya ta farfaɗo da Kofin Shugabannin Makarantu na ƙasa. Abin lura shi ne wadda ta ɗauki kofin a shekarar, Fosla Academy ta Abuja, makaranta ce da aka kafa musamman don haɗa karatu da ƙwallo, ta kwana, mai fili da masu horarwa. Watau tsohon tsarin ne wani ya sake ginawa da kuɗin aljihunsa. Amma gasa ta mako biyu ko uku a shekara ba ta maye gurbin fitowa fili kowace yamma.

Kontagora tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Tun 1978 Gwamnatin Tarayya ta kafa babbar kwalejin horon malamai a garin, wadda ta zama Kwalejin Ilmi ta Tarayya, a 'yan shekarun nan kuma aka ɗaga darajarta zuwa jami'ar ilmi. Kwalejojin ilmi suna da gasarsu ta ƙasa, NICEGA, kamar yadda jami'o'i ke da NUGA tun 1966, kuma daga irin waɗannan makarantu ne malaman motsa jiki na furamare da sakandare ke fitowa. Zoben farko na sarƙar yana nan ke nan. Abin da ya rage a hannun Ma'aikatar Ilmi ta Minna da hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi shi ne, in an tura irin wannan malami wata makaranta, a bar shi a kan aikin da ya koya, kada a miƙa masa darasin lissafi don an rasa mai koyarwa, a kuma hana kafa tubali a filin da zai tara yara.